Zazzaɓi Ya Sauka, Ƙarfi Bai Dawo Ba

A garuruwanmu jinya tana da ranar ƙarewa. Ranar da zazzaɓi ya sauka, ko ranar da aka sallamo mutum daga asibiti, masu dubiya sukan ja baya, a daina dama masa kununsa daban, a shiga yi masa barka da arziki. Daga nan sai a zuba ido a ga ya koma kasuwa, ko ofis, ko gindin murhu. Galibin mutane kuwa suna komawa. Amma akwai waɗanda ba sa iya komawa, ko su koma da rabin jiki: gajiyar da barci ba ya raba su da ita, haki in sun hau ɗan tudu, jiri in sun miƙe tsaye, bugun zuciya ba gaira ba dalili, ciwon gaɓoɓi, da mantuwar da kan sa malami ya tsaya tsakiyar darasi yana laluben abin da ya sani tun yana yaro. Wani wata uku, wani wata shida, wani shekaru. In aka ce musu ya jiki, sai su ce da sauƙi, domin sun gaji da bayanin ciwon da awon asibiti bai nuna ba.

Annobar korona ce ta tilasta wa duniya ta waiwayi irin waɗannan mutane, amma likitoci sun daɗe da sanin cewa cututtukan bairas kan bar baya da ƙura. Misali mafi kusa da mu shi ne zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau, kuma yake tasowa duk rani a jihohi irin su Bauchi da Taraba da Edo da Ondo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tsira daga shi kan sami kurumta, kuma rabinsu ne kawai jin nasu kan ɗan dawo bayan wata ɗaya zuwa uku. Kurumtar ba ta zaɓen wanda ya fi jigata. Tana iya kama wanda zazzaɓinsa bai kwantar da shi ba. A Gini da Laberiya da Saliyo, dubban da suka tsira daga Ebola tsakanin 2014 da 2016 sun ci gaba da fama da ciwon gaɓoɓi da ciwon kai da kumburin ido mai kaiwa ga makanta. Wani likita ɗan Amurka, Ian Crozier, wanda ya kamu a Saliyo, an tabbatar jininsa ya rabu da cutar, amma bayan makonni aka tarar da ita da ranta cikin ruwan idonsa na hagu. Cikungunya, wadda sauro ke yaɗawa, ta ɓarke a Kassala ta Sudan a 2018 da Abeche ta Chadi a 2020. Zazzaɓinta na 'yan kwanaki ne, amma ciwon gaɓoɓinta kan ɗauki watanni ko shekaru.

Binciken da ya fi burge ni a wannan fage an yi shi ne a yankin Dubbo na ƙasar Ostareliya, aka buga shi a 2006. An bi sawun mutum 253 da suka kamu da ɗaya daga cututtuka uku mabambanta, biyu na bairas, ɗaya ta bakteriya. Bayan wata shida, kusan kashi 12 cikin ɗari ba su farfaɗo ba, kuma alamominsu iri ɗaya ne ko wace cuta ce ta kwantar da su. Da aka duba abin da ya fi nuna wanda zai daɗe bai warke ba, sai aka tarar tsananin ciwon farko ne, ba halin zuciyar mutum ba, ba kuma damuwar da yake da ita tun da can ba. A Hong Kong ma, wajen shekara huɗu bayan annobar SARS ta 2003, kashi 40 cikin ɗari na waɗanda aka bincika cikin masu tsira suna kukan gajiya mai naci.

Game da korona kuwa, a watan Oktoba na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin abin da ake kira doguwar korona: alamomin da ke nan wata uku bayan kamuwa, suka kai aƙalla wata biyu, kuma babu wata cuta da za a jingina su gare ta. Ƙiyasin da hukumar ke aiki da shi shi ne wajen mutum shida cikin ɗari na waɗanda cutar ta nuna alama a jikinsu, kuma mata sun kusa ninka maza. Wannan lissafi yana da wata ma'ana ta daban a wurinmu. A watan Afrilu na 2020 masu haƙa kabari a Kano ne suka fara shaida yawan mace-mace, daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce cikin mutuwa 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama da alaƙa da korona. In har cutar ta kashe haka, to waɗanda ta kama suka tashi sun ninka ninkin wannan adadi, kuma galibinsu ba a taɓa yi musu gwaji ba. Wanda gajiya ta maƙale masa tun daga lokacin ba shi da takardar da zai nuna wa kowa.

Abubuwa uku ne ake cakuɗawa a nan, kuma cakuɗa su na da illa. Akwai ɓarnar da cuta ta yi wa wata gaɓa takamaimai, kamar tabo a huhu, kumburin tsokar zuciya, ko lalacewar jijiyar ji. Wannan awo kan nuna shi. Akwai raunin da ke biyo bayan doguwar kwanciya, inda tsoka ta saki, nauyi ya zube. Wannan abinci da motsa jiki a hankali ke gyara shi. Na uku shi ne mai rikitarwa: awo lafiya lau, amma duk sanda mutum ya yi aikin da ya wuce wani ɗan ƙaramin mizani, sai jikinsa ya rushe. Abin da ya sa ba a saurin gane shi shi ne rushewar ba nan take take zuwa ba. Takan zo bayan awa 12 zuwa 48, ta kuma ɗauki kwanaki ko makonni. Mace ta je biki ranar Asabar, ta yi hidima, ta dawo tana murna ta warke. Ranar Litinin ta kasa ɗaga kai daga matashi, jiki na ciwo kamar zazzaɓi zai dawo. Ba wanda zai haɗa Litinin da Asabar, har ita kanta. Sai a ce maleriya ce ta sake bugo ta.

Masu bincike ba su tsaya kan dalili guda ba, kuma alamu sun nuna dalilan na haɗuwa ne. Ɓurɓushin cutar kan ɓuya a wasu sassan jiki, kamar hanji, ya ci gaba da tsokanar garkuwar jiki. Garkuwar kan rikice ta juyo kan mai ita. Tsofaffin ƙwayoyin bairas da ke kwance a jikin kusan kowa tun yarinta, irin su Epstein-Barr, kan farka idan jiki ya raunana. Jijiyoyin da ke sarrafa bugun zuciya da hawa da saukar jini ba da sanin mutum ba kan fita daga saiti. A 2023 ayarin Akiko Iwasaki na Jami'ar Yale ya nuna cewa masu doguwar korona suna da ƙarancin sinadarin kotizol a jini da alamun farkawar Epstein-Barr. A farkon 2024 masu bincike a Amsterdam sun gutsuri tsokar cinyar marasa lafiya kafin su tuƙa keken gwaji da kuma kwana ɗaya bayansa, suka ga tsokar ta lalace, 'yan injinan da ke samar da kuzari cikin ƙwayoyin halittarta sun ja baya, abin da ba a gani ba a jikin masu lafiya da suka yi gwaji iri ɗaya. Wannan ya isa amsa ga mai cewa son jiki ne.

Hanyar da aka saba bi a wurinmu sananniya ce. Mutum ya je kyamis ko ɗakin awo, a ɗebi jini, a ce maleriya da taifot. A ba shi allurai da ƙwayoyi, a ɗaura masa ƙarin ruwa, ya kwanta kwana uku, ya ji dama-dama, ya yaba wa maganin alhali kwanciyar ce ta yi aiki. Ya koma harka, jiki ya sake rushewa, a sake komawa awo. Gwajin Widal da ake dogara da shi wajen cewa taifot ce ya samo asali tun 1896, kuma a ƙasashen da cutar ta zama ruwan dare yakan nuna tana nan a jikin wanda ya yi ta shekarun baya, ko wanda wani zazzaɓi dabam ke damu. Haka nan a yankin da sauro ya yi yawa ana iya ganin ƙwayar maleriya a jinin mutumin da ba ita ke hana shi sakat ba. Sakamakon shi ne a yi ta ɗirka wa mutum magungunan kashe bakteriya zagaye bayan zagaye, cikinsa ya lalace, aljihunsa ya ƙone, ciwon na nan. Mafi muni su ne magungunan da ke ba da sauƙi na ƙarya. Deksametason kan sa mutum ya ji ƙarfi, ya ci abinci, ya yi kumari, amma shan sa na tsawon lokaci na jawo ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi, kuma yanke shi farat ɗaya haɗari ne. Diklofenak a kullum na cin ciki da ƙoda. Tiramadol kuwa ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Wannan ba hujja ba ce ta guje wa asibiti. Kafin a ɗora gajiya a kan cutar da ta wuce, sai likita ya kawar da waɗanda ke da magani a hannu: ƙarancin jini, ciwon suga, tarin fuka, ciwon hanta, ƙanjamau, ciwon ƙoda, matsalar sinadarin tayirod. Macen da ta haihu cikin watannin nan take haki, ƙafafunta suka kumbura, zuciyarta za a fara dubawa, domin raunin zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a Kano da Zariya da Sakkwato fiye da galibin sassan duniya. Akwai kuma alamomin da ba a kwana da su a gida: ciwon ƙirji, numfashi sama-sama ana zaune, suma, tari da jini, kumburin ƙafa ɗaya, ramar da ba a san dalilinta ba, ko raunin da ya faro daga ƙafafu yana hawa sama. Matashin da ƙirjinsa ke ciwo bayan mura mai tsanani kada ya koma filin ƙwallo sai an duba shi. In kumburin tsokar zuciya ne, hutun wata uku zuwa shida likitoci ke bayarwa.

Idan an kawar da waɗannan, tambaya ɗaya ce ke raba hanya: shin aiki na jawo rushewa washegari ko jibi? In amsar a'a ce, to tafiya kaɗan-kaɗan, atisayen numfashi, da ƙara nisa mako bayan mako su ne magani. In amsar e ce, wannan shawarar ita ce guba. Shekaru da dama likitoci a Ingila suna sa masu irin wannan gajiya su riƙa ƙara motsa jiki bisa jadawali ko da jikin na kuka, marasa lafiyar kuma suna ta cewa abin na ƙara kassara su, ba a saurare su ba. Sai a Oktoban 2021 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a can, ta janye wannan hanya daga jagorarta, ta maye gurbinta da tattalin ƙarfi.

Duk wanda ya taɓa zama da rijiya a bazara ya san ƙa'idar. In ka ja guga biyu da safe, biyu da yamma, za ta ba ka ruwa kullum. In ka kwashe ta har laka a rana guda, sai ka jira kwanaki kafin ta taru, abin da ya taru ɗin ma gurɓatacce. Aikin farko shi ne mutum ya gano guga nawa ke cikin tasa rijiyar, kuma hanya mafi araha ita ce littafi da biro: a rubuta abin da aka yi kowace rana da yadda aka tashi, na tsawon mako biyu ko uku, sannan a duba kowace mummunar rana a koma baya kwana ɗaya ko biyu a ga me ya jawo ta. Mutane kan yi mamakin abin da suke tararwa. Ba aikin ƙarfi kaɗai ke cin kuzari ba. Doguwar hira, hayaniyar gidan suna, lissafin kanti, gardama, latsa waya da dare, duk daga wuri ɗaya suke ɗiba. Da an gano mizanin, sai a tsaya ƙasa da shi, a gutsuttsura aiki, a huta kafin a gaji, a yi a zaune duk abin da za a iya yi a zaune, daga wanka har yankan albasa. Ranar da ta fi haɗari ita ce ranar da aka tashi garau, domin a ranar ne mutum kan so ya biya bashin duk ayyukan da suka taru. Ana ƙara aiki ne kawai bayan an yi makonni ba rushewa, kuma ƙarin ya zama ɗan kaɗan wanda za a iya janyewa.

Masu jiri da bugun zuciya in sun miƙe suna da gwajin da za a iya farawa a gida. A kwanta minti goma a ƙirga bugun jijiya, a miƙe tsaye kusa da abin dafawa a riƙa ƙirgawa har minti goma. In bugun ya ƙaru da 30 ko fiye a minti ya kuma tsaya a haka, ga jiri, to abin faɗa wa likita ne, domin akwai magungunan da ke rage shi. Shan ruwa lita biyu zuwa uku a rana da ɗan ƙarin gishiri na taimakawa, sai dai mai hawan jini ko ciwon ƙoda ko na zuciya ba zai ƙara gishiri da kansa ba. Zafin Afrilu da Mayu na tsananta wannan matsala ƙwarai, don haka aikin da ya zama dole a yi shi da sanyin safiya. Da yawa sukan fara lura da abin ne a sallah, wajen ɗagowa daga sujada. Shari'a ta yi rangwame ga mara lafiya ya yi sallah a zaune, ya kuma ajiye azumi ya rama. Abin da ke hana mutane karɓar rangwamen shi ne ido, domin a fuska ba su yi kama da marasa lafiya ba.

Wanda hancinsa ya daina jin ƙanshi yana da atisaye mai sauƙi wanda Thomas Hummel na Dresden ya gwada tun 2009: a zaɓi ƙanshi huɗu masu ƙarfi, cikinsu har da kanumfari da lemun tsami, a shaƙi kowanne na ɗan lokaci safe da yamma, a dage aƙalla wata uku. Mantuwa kuma a yi mata dabara da rubutu da yin abu ɗaya a lokaci ɗaya. Takan ragu in an daina kai jiki bango.

Sai dai duk wannan shawara ta tattalin ƙarfi an tsara ta ne da mai albashi da hutun jinya a zuciya. Ɗan garuwa, ɗan dako, mai tuƙa adaidaita sahu da zai kai balas kowace yamma, da matar da ke da 'ya'ya biyar da surukuwa a gida, in aka ce su huta kafin su gaji, dariya za su yi. A ganina nan ne maganar ta tashi daga hannun likita ta koma hannun dangi. Mun iya zumuncin kwana bakwai: kwanon abinci, kuɗin magani, cika ɗaki da dubiya. Wanda wannan ciwo ke buƙata zumunci ne marar armashi, na wata shida, wanda ba a gani: ƙanen da zai karɓi ɗiban ruwa, 'yar da za ta karɓi wanki, maigidan da zai rage wa yaron shagonsa awanni ba tare da ya sallame shi ba, mijin da zai tsaya tsakanin matarsa da masu cewa raki ne. Lissafin ma a fili yake. Mutumin da ya yi rabin aiki kullum ya fi kawo wa gida amfani a kan wanda ya yi cikakken aiki kwana biyu ya kwanta kwana biyar, ga kuɗin allurai a kai.

Da yake awo bai nuna komai ba, ba a daɗewa sai a fara zancen sammu ko iska. Addu'a ba ta taɓa rage wa mara lafiya komai ba, kuma nutsuwar da take bayarwa abin so ce. Abin tsoro shi ne kasuwar da ke kewaye da ita: jiƙe-jiƙe masu sa zawo ga mutumin da tun farko ruwan jikinsa bai ishe shi ba, hayaƙi ga mai haki, tafiye-tafiye masu nisa da su kansu kan jawo rushewa. Masu tallan maganin zamani a Facebook da TikTok ma layinsu ɗaya. Gwamnatin Amurka ta ware dala biliyan 1.15 a kan binciken doguwar korona kaɗai, kuma har gwajin da Jami'ar Stanford ta buga a 2024, inda aka ba marasa lafiya maganin korona mai suna Paxlovid na kwana 15, bai nuna wani amfani ba. Mai kwalba a bayan mota da lasifika bai riga su ganowa ba. Baƙin ciki da fargaba kuwa kan biyo bayan watannin rashin lafiya da rashin yarda, kuma suna da magani. Neman sa ba ya nufin an amince ciwon na ƙarya ne.

Galibin masu wannan hali suna samun sauƙi da tafiyar lokaci. Babban ƙiyasin da aka buga a 2022 ya nuna cewa cikin waɗanda ke da alamomi wata uku bayan korona, wajen kashi 15 cikin ɗari ne ke ɗauke da su bayan shekara. Allurar rigakafi na rage yiwuwar faɗawa ciki tun farko. Amma sauƙin ba a miƙe yake zuwa ba, yana gaba yana baya, kuma wata murar ko wani zazzaɓin na iya mayar da hannun agogo.

Akwai kuma wani rukuni da ya kamata asibitocin Arewa su fara shiri dominsa tun yanzu. Cutar shan inna bairas ce, kuma tana da nata biyo-baya mai jinkiri, wanda kan bayyana shekara 15 zuwa 40 bayan kamuwa. Jijiyoyin da suka tsira a yarinta sukan ɗauki nauyin tsokokin da nasu jijiyoyin suka mutu, su yi ta aikin da ya fi ƙarfinsu, har su fara gazawa. Sai sabon rauni da gajiya da ciwo su taso, wani lokaci a gaɓar da ake ganin lafiyarta ƙalau. An ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a watan Agusta na 2020, amma a 2006 kaɗai Najeriya ta ƙirga yara sama da 1,000 da ta shanye, mafi yawansu a Arewa. Waɗannan yara yanzu samari ne da 'yan mata, da yawansu suna tura keken hannu ko suna tafiya da tafukansu, kafaɗunsu na aikin da ƙafafu ya kamata su yi. Shekarun da ciwon kan waiwayo sun fara shigowa, kuma abin da likitocin gashin ƙashi ke ba irinsu shawara shi ne a rage wa gaɓoɓin nauyi da sanda ko takalmin ƙarfe ko keken da ya dace da jiki, kafin kafaɗa ta gaza.